Makarantar Dare ta Treichville: Yadda 'Yan Ci-rani Suka Tsinci Faransanci a Gidan Silima

Duk wanda ya taɓa sauka Abijan, babban birnin kasuwancin ƙasar Kodebuwa, ya san garba. Abinci ne ake nufi: attiéké, wato wani irin dambun rogo, da soyayyen kifin tuna da yankakken attaruhu da albasa. Ɗalibi da leburan gini da ma'aikacin banki duk suna bin layinsa. Abin da aka fi faɗa game da sunan shi ne, 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi, Garba kuwa suna ne da ya yi yawa a cikinsu, har ya bi abincin ya manne. Wato Bahaushe ya ba Faransancin Abijan kalma guda. To shi kuma fa, a ina ya samo Faransancin da yake ciniki da shi, yake amsa wa ɗan sanda, yake jayayya da mai gidan haya? Da yawa cikin waɗanda suka bar Adar da Gobir da Damagaram suka gangara kurmi ba su taɓa zama a bencin lakwal ba ko na yini ɗaya. Amsar tana da rassa, amma reshe ɗaya da ba a cika kula da shi ba shi ne majigi: gidan silima da farko, daga baya akwatin talabijin.

Sai mai karatu ya fara ganin yadda aka zana garin kafin ya gane darajar Faransanci a cikinsa. A 1934 ne Faransawa suka dawo da hedikwatar mulkinsu Abijan daga Bingerville. Suka ɗauki tudun da ake kira Plateau suka yi ofisoshi da gidajensu, suka tura baƙar fata gefe biyu. A arewa akwai Adjamé, barikokin soja sun raba ta da unguwar Turawa. A kudu akwai Treichville, wadda aka raɗa wa sunan Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa Faransa hanyar mamaye ƙasar. Ita kuma ruwan tafkin Ébrié ne ya raba ta da Plateau. Da safe ma'aikata su tsallaka, da yamma su koma. A 1946 aka soke aikin tilas a yankunan da Faransa ke mulka, a ƙarƙashin dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny. A 1950 aka buɗe mashigin Vridi, wanda ya haɗa tafkin da teku, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin gari. Daga nan Abijan ta zama maganaɗisu. Layin dogon da ake kira Abijan-Nijar ya kai Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba duk da sunansa. Mutanen Nijar ba su jira shi ba. A mota, a ƙafa, ta Gwalkwas ko ta ƙasar Mosi, suka yi ta kwarara.

Baƙon da ya sauka Treichville ko Adjamé a wancan zamani harsuna uku yake tararwa. Akwai nasa, wanda zai yi da mai masaukinsa da 'yan garinsu. Akwai Julanci, harshen kasuwa da tasha, wanda Bahaushe ɗan fatauci ya daɗe da sanin masu shi tun zamanin ayarin goro. Sai Faransanci, harshen takarda da albashi da kotu. Da na farko da na biyu mutum zai ci abinci, amma na ukun ne ke raba ɗan dako da mai rubuta sunayen 'yan dako.

Matsalar ita ce, Bature ba ya yi wa lebura cikakken Faransanci. Tun zamanin yaƙin duniya na farko sojan Faransa suka tsara wani guntun harshe na ba da umarni ga sojojin Afirka, har aka buga ɗan littafin koyar da shi ga hafsoshi a 1916. An yanke masa gaɓoɓi, an cire jinsi da lokutan aikatau, an bar ƙashi kawai. Da irin wannan ake magana da kuku da boyi da ɗan dako. Wanda kullum da guntun harshe ake yi masa magana, guntun zai iya. Saboda haka, ga mutumin da bai shiga aji ba, wuraren da zai ji Faransanci cikakke, irin wanda Bafaranshe ke yi wa ɗan'uwansa Bafaranshe in suna fushi ko soyayya ko cinikin rai, ba su da yawa. Mafi arha a cikinsu shi ne bencin gaba a gidan silima.

Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe harkar rarraba finafinai da yawancin gidajen kallo a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Ba sababbin finafinai suke kawowa unguwannin talakawa ba. Tsofaffi ne da suka gama yawo a Turai, na kaboyi da na 'yan daba da na 'yan sandan ciki, tare da na Indiya da na Masar. Fim ɗaya sai ya zagaya ya sake zagayowa. A wajen 'yan kasuwar wannan rowa ce da neman riba, amma a wajen mai koyon harshe gata ne. Wanda ya kalli fim sau biyar ya san abin da jarumi zai faɗa kafin ya buɗe baki, kuma a gidajen silimar unguwa ba a kallo shiru kamar a masallaci. Ana ihu, ana gargaɗin jarumi cewa ga mugu a bayansa, ana faɗin magana tare da mai faɗinta, wanda ya fi ji yana fassara wa na kusa da shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanya: a biya maka, ka maimaita da ƙarfi, gobe a sake. Har yau sunayen waɗannan gidaje suna nan a bakin mutane, irin su Rio da El Mansour a Treichville, da Roxy da Liberté a Adjamé.

Wani abin lura kuma, finafinan Amurka da ake nunawa an ɗora musu muryar Faransanci ne a ɗakunan ɗaukar sauti na Paris. Kaboyin Texas da ke kan doki, da bakin wani ɗan wasan Paris yake magana, a fili, kalma bayan kalma, ba hayaniyar titi. Irin wannan Faransanci ya fi sauƙin kamawa a kan na Bafaranshen da ke tsaye a kanka yana zagi.

Babbar shaidar da ta rage mana ta wannan zamani fim ce, kuma ɗan Nijar ne a tsakiyarta. Jean Rouch injiniya ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 aikin hanya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. A shekarun 1950 yana bin sawun 'yan ci-ranin Nijar zuwa gaɓar teku, ya fara da Gwalkwas, sannan ya zo Abijan. A nan ya haɗu da wani saurayi ɗan dako a tashar jiragen ruwa mai suna Oumarou Ganda, ya ɗauke shi aikin tattara bayanan 'yan ci-rani. Ganda Bazabarme ne, haifaffen Yamai a 1935. Ya yi firamare, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indochine, yankin da Biyetnam take a yau, ya dawo gida bai samu aiki ba, ya gangara kurmi kamar kowa. Saboda haka ba za a ce a silima ya fara jin Faransanci ba. Aji da bariki sun riga sun ba shi tushe. Abin da silima ta ba shi da abokansa wani abu ne daban, kuma shi ne fim ɗin ya kama.

A 1957 Rouch ya bi Ganda da abokansa da kyamara cikin Treichville: neman aikin yini, cin abinci a rumfa, dambe, rawa, wankan teku ranar hutu, komawa aiki ranar Litinin. Fim ɗin ya fito da sunan Moi, un noir, ma'ana “Ni, baƙar fata”, ya kuma ci kyautar Louis-Delluc ta 1958. Samarin ba da sunayensu na yanka suka fito ba. Ganda shi ne Edward G. Robinson. Abokinsa Petit Touré shi ne Eddie Constantine. Akwai direban tasi da ake kira Tarzan, akwai budurwa Dorothy Lamour. Duk sunayen taurarin majigi ne. A bangon shaguna da mashaya kuma ana ganin sunaye irin su Chicago da Hollywood.

A dakata a kan sunaye biyun nan, domin akwai abin dariya da abin tunani a cikinsu. Edward G. Robinson na ainihi an haife shi ne a Bukares ta ƙasar Romaniya a 1893, iyayensa Yahudawa suka yi hijira da shi zuwa New York yana ɗan shekara 10, a can ya koyi Ingilishin da ya zama abin cin abincinsa. Eddie Constantine kuwa Ba'amurke ne ɗan 'yan ci-rani, wanda bai yi kasuwa a ƙasarsu ba, ya tafi Paris yana waƙa, daga 1953 ya yi suna a finafinan Faransa a matsayin ɗan sandan ciki Lemmy Caution. Faransancinsa da karin harshen Amurka yake fita, kowa na ji, bai kuma hana shi zama tauraro ba. Ashe 'yan ci-ranin Treichville, da saninsu ko ba da saninsu ba, 'yan ci-rani 'yan'uwansu suka zaɓa su yi koyi da su. A ganina darasin da Constantine ya koyar ya fi na kowane malamin nahawu amfani ga ɗan dako: ana iya yin Faransanci da baƙon harshe, a yi shi da gadara, a kuma saurare ka.

Yadda aka sa wa fim ɗin murya shi ne ya fi komai muhimmanci ga zancenmu. Kyamarar Rouch ƙarama ce mai wani, ba ta ɗaukar sauti, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take tsayawa a sake wana ta. Hotuna kurame aka ɗauko. Bayan an harhaɗa su sai aka zaunar da Ganda a gaban majigi, aka ba shi makirfo, aka ce ya yi magana a kan abin da yake gani. Ya yi ta zuba, ba rubutu a hannunsa: yana ba'a, yana ƙorafin tsadar rayuwa, yana mafarkin zama zakaran dambe, yana zagin talauci, a ƙarshe yana tafe a bakin tafki da wani yaro yana ba shi labarin yaƙin Indochine, yana faɗuwa ƙasa yana kwaikwayon harbi. Faransancin nasa ba na littafi ba ne. Akwai na bariki a ciki, akwai na tashar jirgi, akwai na 'yan daban majigi. Amma yana da rai, har masu sharhin fim a Paris suka tsaya suna saurare. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin matashin mai sharhi ne, ya yaba fim ɗin ƙwarai, masana kuma sun daɗe suna nuna tasirinsa a kan fim ɗin Godard na farko, À bout de souffle, na 1960, wanda shi ma labarin wani ɗan iska ne mai kwaikwayon tauraron Amurka.

Abin da Ganda ya yi a gaban makirfo shi ne abin da 'yan bencin gaba suke yi kowane dare kyauta: mayar wa hoto magana. Kallo shiru kunne kawai yake buɗewa. Baki ba ya buɗewa sai an motsa shi, kuma mutanen Treichville suna da inda za su motsa shi washegari, a gaban kwamin tashar jirgi ko a wajen zance. Akwai dai haɗari. Majigi malami ne da ba ya jin ɗalibinsa, ba ya kuma gaya masa wace magana ce ta gaban manya. Faransanci yana da tu na tsara da vous na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba “ku”. 'Yan daban fim kuwa tu suke yi wa kowa, suna kiran ɗan sanda flic, kuɗi fric, mace môme. Wanda ya kwashi wannan ya kai ofishin kwamishinan 'yan sanda ya ɗauko wa kansa dala ba gammo. Shi kansa Petit Touré, ana cikin ɗaukar fim ɗin ya yi rigima da ɗan sanda aka ɗaure shi wata uku, abin da ya sa ya ɓace daga ƙarshen labarin. Lemmy Caution yana dukan mutane a majigi a tafa masa. A titin Treichville ta zamanin mulkin mallaka lissafin daban ne.

Ganda ya koma Yamai ya zama mai shirya fim da kansa. Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, labarin tsohon sojan Indochine ne da ya dawo gida abokai suka cinye masa kuɗi. Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita, kuma da Zabarmanci 'yan wasan suke magana a ciki. Mutumin da duniya ta sani ta hanyar Faransancinsa, da ya samu kyamara a hannu, harshen gida ya koma. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai. Abokin aikinsa Moustapha Alassane ma ya taɓo wannan ciwo a Le Retour d'un aventurier na 1966, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokai, suka ɗauki sunayen majigi suka addabi ƙauyensu. Shi kuwa Rouch a ƙasar Hausa ajali ya same shi, a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004.

Bayan samun 'yancin kai gwamnatoci suka ce, tun da hoto yana koyar da harshe haka, me zai hana a shigar da shi aji? Nijar ce ta fara, da talabijin na makaranta a 1964. Kodebuwa, wadda ta buɗe gidan talabijin ɗinta a 1963, ta ɗauki abin da girma: daga 1971 aka riƙa watsa darussan firamare daga wata cibiya a Buwake, da tallafin Faransa da UNESCO da Bankin Duniya da wasunsu. Aka kai akwatuna har ƙauyukan da ba lantarki, ana kunna su da manyan batura. Dubban ɗaruruwan yara suka bi ta wannan tsari, aka kuma yi wa manya nasu shirin da yamma mai suna Télé pour tous. A 1982 aka rufe shirin makarantun. Kuɗinsa ya yi yawa, malamai da iyaye kuma sun yi ta kuka. Kukan nasu shi ne abin da ya kamata mai son koyon harshe ta kallo ya riƙe: yaran talabijin bakinsu ya buɗe, suna Faransanci ba tsoro, amma in aka zo rubutu da ƙa'idarsa sai a ga rauni. Faransanci kuwa harshe ne da ake rubuta haruffa da yawa da ba a furta su. Kunne ba zai taɓa gaya maka cewa akwai su ba.

A wannan tsakanin titi bai zauna jiran kowa ba. Faransancin da leburori da 'yan kasuwa suka tsinta nan da can ya haɗu da ginin jimlar harsunan gida ya zama wani abu mai zaman kansa, wanda ake kira Faransancin Musa, wasu ma su ce Faransancin Treichville. Da farko abin dariya ne a shafukan barkwanci na mujallu. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma samarin tasha da 'yan bakin silima suka ƙirƙiro nouchi, zaurancen da ya cakuɗa Faransanci da Julanci da Baule da Ingilishi da wasunsu. Ɗaya daga cikin bayanan da aka fi yawan bayarwa kan asalin sunan shi ne, daga kalmomin Julanci biyu ne masu nufin gashin hanci, wato gashin baki, irin na mugayen finafinan kaboyi da yara ke kwaikwayo. In haka ne, har sunan harshen daga majigi ya faɗo. Yau kalmar nouchi irin s'enjailler, ma'ana a ji daɗi a shaƙata, ta shiga manyan ƙamusoshin Faransa.

Daga nan sai akwatin ya fara mayar wa mutane muryarsu. Shirin barkwanci na Comment ça va? na Léonard Groguhet, da Faut pas fâcher, sannan Ma Famille na Akissi Delta wanda ya fara a 2002 ya kuma zagaye ƙasashe rainon Faransa har Nijar, duk da Faransancin tsakar gidan Abijan aka yi su. A gefe guda ga finafinan soyayya masu dogon zango na Meziko da Burazil, irin su Marimar, waɗanda aka ɗora wa Faransancin Paris. Matan aure da aka kawo daga gida, waɗanda ba sa zuwa tashar jirgi balle silima, ta nan da yawansu suka fara kama harshen, domin labari ne mai tafiyar hawainiya, fuska tana faɗin rabin magana, kuma abu ɗaya ake nanatawa wata da watanni. Bahaushen Kano ba zai yi mamaki ba, shi da ya tsinci kalmomin Indiyanci a Plaza da Marhaba ba tare da malami ba. Bambancin shi ne, Indiyancin Kano na nishaɗi ne, Faransancin Abijan kuwa na tsira ne. Da aka shigo da katin zama na baƙi a farkon shekarun 1990, aka kuma shiga rikicin wane ne ɗan ƙasa na asali wanda ya kai ga yaƙin 2002, a ƙasar da ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin ɗari na mazaunanta baƙi ne, yadda mutum ya amsa tambaya a shingen jami'an tsaro yana iya zama bambancin wucewa da kwana a caji ofis.

Gidajen silimar unguwa ba su kai wannan lokaci da ƙarfinsu ba. Bidiyo ya fara cin kasuwarsu, karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙarasa su. Wasu sun zama coci, wasu shaguna. Roxy ta Adjamé yanzu an fi saninta da kasuwar magungunan bakin titi. Majigin ya ƙanƙance ya koma aljihu. Yaron da ke juya kifi a rumfar garba yau yana da abin da Ganda bai taɓa mafarki ba: zai iya tsayar da fim, ya mayar da shi baya, ya kunna rubutun ƙasan allo ya ga yadda ake rubuta abin da kunnensa ya ji, wato gurbin da talabijin ɗin Buwake ya kasa cikewa. Sai dai wayar da ta kawo masa wannan ita ce kuma ta kawo masa finafinan Kano da fassarar Algaita da wa'azin malaman gida da muryoyin 'yan garinsu a WhatsApp. Mutanen 1957 ba su da zaɓi, duk abin da aka haska a bango da Faransanci ko Indiyanci ko Larabci yake zuwa, kuma a cikin taro ake kallonsa. Na yau yana iya shekara goma a Adjamé da abin sauraro a kunne, Faransancinsa bai wuce na farashin kifi da canjin kuɗi ba.